Awa Shida a Halƙul Wadi

Da hantsi jirgin ya iso,
fari fat, bene goma sha huɗu a kan ruwa,
ya fi duk gidajen unguwarmu tsayi,
ya tare wa kwalekwalen Munji rana.

Tun asuba Ummi ke murza kuskus.
Sau biyu ta tura ni kasuwa,
wai kifin farko idonsa ya yi barci.
Shekara tara rabonta da Lutfi,
yau kamfanin jirgi ya ara mata shi
na awa shida.

Na tsaya jikin shinge tare da direbobin tasi
da yaron nan mai tallar furen yasmin.
Mutane na ta zubowa
kamar an kwance bakin buhu,
kowa da malafa, kowa da kati rataye a wuya.
Da tafiya na gane yayana:
har yau yana jan ƙafar hagu,
tun faɗowarsa daga katangar tsohuwar ganuwa
yana ɗan shekara goma.

Ya ce, Naziha, kin yi furfura.
Na ce, kai ma ka yi tumbi.
Sai muka yi dariya don kada mu yi ɗayan.

Ga matarsa Ornela, ga Eliya mai giɓi,
ga ƙaramar, Dalila, ta maƙale a wandon uba.
Ba Larabci a bakinsu ko na sayen gishiri.
Ummi ta zuba musu addu'a mai tsawo,
suka ce mata wata kalma guda,
ta juyo gare ni: me suka ce?
Na ce, sun ce amin.

A tsakar gida, ƙarƙashin itacen lemo,
ta zauna tana zare ƙaya daga kifi
ɗaya bayan ɗaya, da yatsun da ke rawa.
Dalila ta ɗauki burodi,
kafin ta gutsura sai da ta shinshina.
Cokali ya tsaya a hannun Ummi.
Haka Baba yake yi, Allah ya jiƙansa,
kuma ba wanda ya koya wa yarinyar.

Lutfi ya saci kallon agogo.
Ya sake.
A na uku Ummi ta ce,
wata tara na ɗauke ka,
ban taɓa tambayar ƙarfe nawa ba.

Akwai tikiti huɗu a jakar Ornela,
na zuwa ganin kufan Kartaj, an riga an biya.
Ta fito da su, ta duba, ta mayar,
ta naɗe hannun riga
ta tsuguna wajen wanke-wanke.
Ita da Ummi, kumfa har gwiwar hannu,
suna hira ba harshe,
ni da nake da harshe na rasa ta cewa.

Da la'asar jirgi ya yi kuka,
irin kukan da ke girgiza gilashin taga.
Ummi ba ta raka su ba.
Ta ce gwiwa, ba gwiwa ba ce.
Ta danƙa min kwalbar harisa da ta daka da kanta,
an ɗaure bakin da ƙyalle da zare.

A ƙofar shiga wani mai farar riga
ya juya kwalbar, ya girgiza kai:
ba a shiga da abincin waje.
Lutfi ya yi magiya da harshe biyu.
Layi na matso shi ta baya,
Eliya na ɗago min hannu,
sai ƙofa ta haɗiye su.

Na bi ta wajen Munji na bar masa kwalbar.
Rana ta dawo kan kwalekwalensa.

Na same ta a saman soro, tsakanin shanya,
tana kallon inda farin abu ke ƙanƙancewa.
Ba ta waiwayo ba ta ce, sun karɓa?
Na ce, sun karɓa.
Ta ce, Allah sa kada ta yi wa yaran yaji.